Cajin maganaɗisun moton sitefa a wani shagon naɗin koyil: wanda ya farfaɗo da wanda ya ƙi

A 'yan shekarun nan injinan da kwamfuta ke sarrafawa sun yawaita a Kano, tun daga injin yanka sitika da injin sassaƙa katako na masu allon talla, zuwa injin aikin wuyan riga da hula, har da firintar da ke gina abu hawa-hawa da narkakkiyar roba. Mafi yawansu moton sitefa ne ke tafiyar da su, wato moton da ba ya juyawa sakaka kamar na fanka, sai dai taku-taku, galibi kowane taku digiri 1.8, har taku 200 su cika zagaye guda. Duk ranar da moton ya fara tsallake taku, zane ya karkace, inda aka fara da inda aka ƙare suka ƙi haɗuwa, maganar farko da mai inji ke ji daga bakin makanikai ita ce maganaɗisun ya mutu. Akwai wani shagon naɗin koyil a Sabon Gari da masu irin sana'armu ke ambata idan ana zancen cajin maganaɗisu, kuma a kan aikin wannan shago nake so in yi bayani, domin na kai masa motocin sitefa iri uku masu ciwo daban-daban, na ga abin da ya yi da kowanne.

Ra'ayina tun farko shi ne cewa aikin yana da amfani ƙwarai ga tsofaffin motoci, ba shi da wani amfanin a zo a gani ga ƙananan motocin zamani, kuma abin da ya fi cajin kansa daraja a shagon shi ne awon da ake yi kafin a taɓa komai.

Mai shagon dattijo ne da kowa ke kira Injiniya, kuma asalin sana'arsa naɗin koyil na famfon ruwa da janareta da gyaran lasifika. Daga gyaran lasifikar ne ya mallaki na'urar cajin maganaɗisu, wadda ba komai ba ce illa jerin manyan kafasito a cikin akwatin ƙarfe, da wani kaurin koyil mai rami a tsakiya inda ake zura abin da za a caja. Kafasiton suna tara wuta a hankali, sannan a sake ta gaba ɗaya cikin koyil ɗin a ƙasa da ƙiftawar ido. Abin da ya fara burge ni shi ne bai kai hannu ga wannan na'ura ba sai da ya gama bincike. Da na ajiye motocin a kan benci na ce masa duk sun rasa ƙarfi, sai ya ce, "Alhaji, bari mu tambaye su tukuna, kowanne zai faɗi abin da ke damunsa."

Awon nasa mai sauƙi ne, amma yana da tushe. Moton da ke da maganaɗisu a cikinsa, idan aka juya shi da hannu ko da wani inji, yakan koma ƙaramin janareta, kuma yawan wutar da yake fitarwa a wani gudu na musamman yana tafiya daidai da ƙarfin maganaɗisun da ke ciki. Saboda haka Injiniya yakan ɗaure sandar moton a bakin injin huda, ya jona wayoyin koyil ɗaya a mita, ya juya, ya karanta. Wata dabara da na gani a wurinsa ita ce yadda yake tabbatar da cewa gudun bai canza ba tsakanin awo da awo. Tun da yake abin da ke juyawa a cikin moton haƙora 50 gare shi, kowane zagaye ɗaya a daƙiƙa yana ba da haz 50 a mita (haz shi ne ma'aunin yawan kai-komon wuta a daƙiƙa), don haka yakan danna injin hudar har sai mitar ta tsaya a kan adadin da yake so, sannan ya mayar da ita ga awon bolt, wato ƙarfin wutar. Bayan haka ya maimaita a koyil na biyu, ya kuma auna juriyar kowane koyil. Idan koyil biyun sun ba da wuta daidai da juna amma ƙasa da ta lafiyayyen moto irinsa, to matsalar ta maganaɗisu ce, domin maganaɗisu ɗaya ne ke ciyar da su duka. Idan kuwa ɗaya ya fi ɗaya, to a nemi laifin a koyil ko a waya. Wannan rarrabewa kaɗai ta isa ta hana mutum asarar kuɗi, kuma ban ga makanikai da yawa suna yinta ba.

Moton farko da aka auna shi ne na injin sassaƙa, mai girman NEMA 23, wato wanda faɗin fuskarsa ya kai kimanin milimita 57. Wutarsa ta fito cif, koyil biyun sun yi daidai, kuma da aka haɗa bakin wayoyin koyil ɗaya da juna sandar ta yi tauri a hannu kamar yadda ya kamata. Injiniya ya juya fulin da ke kan sandar, wato ɗan gargaren da ke jan bel, ya nuna mini wani ɗan zagayayyen karce mai sheƙi a jikin ƙarfen, alamar cewa ƙaramin sukurun da ke riƙe fulin ya kwance, yana ta zamewa a duk lokacin da injin ya canza hanya. Ɗaya daga cikin bakunan filogin ma ya yi baƙi saboda zafi. Ya ce in ɗaure sukurun a kan shafaffen gefen sandar, in canza filogi, in daina zargin maganaɗisu. Kuɗin awo kawai ya karɓa a kan wannan, alhali da ya so da ya zura shi a na'ura ya karɓi kuɗin caji, ni kuwa in tafi ina godiya.

Moto na biyu shi ne ainihin dalilin zuwana. Tsohon moto ne mai zagayayyen jiki da nauyi, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa a shekarun 1970 da 1980, ya zo a jikin wani injin goge ƙarfe ɗan Beljiyam. Wani makanike da ya canza masa boris ya zare cikinsa gaba ɗaya, ya wanke da fetur, ya shanya a kan benci, ya mayar, kuma tun daga ranar moton ya zama rago, ana iya tsayar da shi da yatsa biyu. Sa'ar da aka yi ita ce injin yana da wani moto irinsa sak a ɗaya ɓangaren wanda ba a taɓa buɗewa ba, na kuwa tafi da shi don a gwada su. Da aka auna, wanda aka buɗe bai fi rabi da ɗan wani abu na wutar ɗan'uwansa ba.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin mutane da yawa ba sa yarda cewa buɗe moto kawai, ba tare da an fasa komai ko an ƙona komai ba, zai iya raunana shi. Abin da ke juyawa a cikin irin wannan moto kofuna biyu ne na ƙarfe masu haƙora, an karkatar da haƙoran ɗaya daga na ɗayan da rabin tazarar haƙori, a tsakaninsu kuma an matse maganaɗisu wanda arewarsa ke fuskantar kofi ɗaya, kudunsa na fuskantar ɗayan. Ƙarfin maganaɗisun yana fita ta kofin farko, ya tsallake wani siririn gibi da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ya bi ta ƙarfen da koyil ke naɗe a kai, ya dawo ta kofi na biyu. Muddin wannan hanya a rufe take, maganaɗisun yana zaune lafiya. Da zarar an zare shi, hanyar ta yanke, sai ƙarfin nasa ya juyo yana yaƙar kansa daga ciki. Tsofaffin motoci da yawa maganaɗisun Alnico ke cikinsu, haɗin ƙarfe da alminiyam da nikel da kobalt wanda asalinsa ke komawa ga binciken Tokushichi Mishima na Japan a 1931. Alnico yana da juriyar zafi mai ban mamaki, yana iya aiki a wajen digiri 500, amma yana da saurin miƙa wuya ga duk wani ƙarfi da ya ja shi ta baya, har da nasa na kansa. Idan ya wuce wani mataki, ko an mayar da shi gidansa ba ya komawa yadda yake, kamar robar wando da aka ja fiye da ƙima. Wannan ne ya sa masana'antu ke cajin irin waɗannan motoci bayan an gama haɗa su, ba kafin nan ba, kuma shi ya sa takardun masu ƙera su ke gargaɗin kada a buɗe.

Wannan rauni na Alnico shi ne kuma ya sa gyaransa yake yiwuwa a ƙaramin shago, domin abin da ke saurin saki yana saurin karɓa. Injiniya bai buɗe moton ba. Ya cire fuli da murfin wayoyi, ya ware bakunan wayoyin ya naɗe kowanne da salatif don kada su taɓa juna, sannan ya ɗauko ƙaramin kamfas ya kusantar da shi ga kan sandar, ya ga bakin allurar da ya juyo, ya yi alama da alli a jikin moton. Ya bayyana mini cewa idan aka zura shi a juye kuma bugun bai kai ya kifar da maganaɗisun gaba ɗaya ba, to ɗan ragowar ƙarfin da ke ciki ma sai ya tafi. Ya zura moton a tsaye cikin ramin koyil, ya tokare shi da guntayen katako ta kowane gefe, ya ce kowa ya ja baya da wayarsa da agogonsa da katin banki. Na'urar ta yi ɗan kuka na tara wuta, allurar mitarta tana hawa sannu a hankali, sai ya danna maɓalli. Ƙarar guda ce mai nauyi, benci ya girgiza, wata kusa da ke gefe ta yi tsalle ta manne a jikin koyil. Ya sake bugawa bayan koyil ɗin ya huce, sannan ya ciro moton ya mayar da shi bakin injin huda.

Tun kafin a jona mita hannu ya faɗi labari, domin sandar da a da take juyawa sumul yanzu tana yin ƙas-ƙas, kowane haƙori yana kama yatsa. Mita ta nuna ya matso kusa da ɗan'uwansa ƙwarai, ko da yake bai kamo shi ba. Injiniya bai ɓoye wannan ba, ya ce jikin moton ƙarfe ne mai kauri, yana tare wani ɓangare na bugun kafin ya isa ciki, kuma na'urarsa iyakarta ke nan. A kan inji, moton ya koma ɗaukar teburinsa ba tare da tsallake ba a gudun da muke aiki da shi, kuma har yanzu bai sake yin rauni ba. Samun sabon moto mai irin wannan fuska da irin wannan sanda da zai zauna a tsohon injin ba tare da an sake huda ƙarfe da canza direba (na'urar da ke ba moton wuta taku-taku) ba abu ne mai wuya da tsada, saboda haka a wannan ɓangare kuɗin da na biya ya yi mini araha.

Labarin moto na uku daban ne. Ƙarami ne, NEMA 17, mai faɗin milimita 42, daga firintar roba da ke aiki a cikin rufaffen akwati, kuma takardar da ke manne a bayansa ta riga ta yi ruwan ƙasa saboda zafi. Awo ya nuna shi ma ya yi rauni da gaske, koyil biyun daidai da juna amma ƙasa da na sabo. Motocin zamani irinsa maganaɗisun niyodimiyam ke cikinsu, wanda kamfanin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan suka samar kowanne ta hanyarsa a farkon shekarun 1980. Halinsa kishiyar na Alnico ne. Yana da taurin kai ga duk ƙarfin da ke jansa ta baya, shi ya sa buɗe moton zamani bai cika yin ɓarnar da yake yi wa tsoho ba, ko da yake ƙurar ƙarfe da ke shiga gibin da karkacewar boris sun isa su hana mai hankali buɗewa. Amma zafi ne maƙiyinsa. Nau'insa na gama-gari an ƙayyade masa digiri 80, nau'o'in da suka fi shi juriya suna kaiwa 120 ko 150 ko fiye, kuma waɗannan sun fi tsada domin akan ƙara musu wani sinadari mai wuyar samu da ake kira disfurosiyam. Mai sayen moto mai araha ba shi da hanyar sanin wanne aka sa masa. Idan zafin bai yi yawa ba, ƙarfin yakan ragu da kimanin kashi 0.12 cikin 100 a kowane digiri, ya dawo idan moton ya huce. Idan ya wuce iyaka, wani ɓangare yakan tafi ya ƙi dawowa sai an sake caji.

Wannan batu ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Takardun motoci da yawa suna nuna cewa koyil zai iya ƙara zafin digiri 80 a kan na ɗakin da yake idan an ba shi cikakkiyar wutarsa, rufin wayar kuma an yi shi ne don ya jure 130. A shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, lissafin ya riga ya kai 120 kafin a yi maganar rufaffen akwati. Ga shi kuma moton sitefa yana shan wuta ko yana tsaye cik, domin da ita yake riƙe matsayinsa. Injiniya ya ce yawancin ƙananan motocin da ake kawo masa masu su ne suka murɗa wutar direba sama don neman ƙarfi, suka dafa su a hankali. Ya tuna mini cewa direbobi irin DM542 suna da maɓalli na huɗu da ke rage wutar tsayuwa zuwa wajen rabi, amma mutane kaɗan ne ke kula da shi.

Tun kafin ya gwada ya faɗa mini kada in sa rai. Niyodimiyam yana buƙatar bugu mai ƙarfin da ya kai wajen tesla 3 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) kafin ya cika, kusan ninki goma na abin da Alnico ke nema, kuma dole wannan ƙarfi ya isa tsakiyar moton, ba bakin koyil kawai ba. Masana'antu suna da na'urorin da ke yin haka, shagon gyaran lasifika ba shi da su. Na ce a gwada duk da haka, aka buga, aka auna, bambancin bai wuce abin da rawar hannu a kan injin huda za ta iya kawowa ba. A nan ne nake da ƙorafi na farko, domin ya karɓi cikakken kuɗin caji a kan aikin da shi da kansa ya san ba zai yi ba. Gaskiya ne ni na nace, kuma gaskiya ne ya gargaɗe ni, amma ragi ya kamata, musamman da yake kuɗin cajin ya kusa kai rabin farashin sabon moto irinsa a kasuwa. Da muka haƙura da shi, ya kwance dogayen sukurori huɗun ya zaro cikin ya nuna mini: kofuna biyu masu haƙora, a tsakaninsu wani siririn layi mai launin azurfa, wanda shi ne gefen maganaɗisun, da ɗan jan ƙura a wuri ɗaya inda rufin nikel ya tsage tsatsa ta fara ci. Inda tsatsa ta ci, babu na'urar da za ta mayar, ko ta masana'anta ce.

Sauran ƙorafe-ƙorafen nawa sun shafi tsari ne. Ba a rubuta komai a shagon. Adadin da mita ta nuna kafin caji da bayansa a kan kwalin sigari aka rubuta shi da biro, kuma da ban ɗauki hotonsa ba da ya bi shara. Babu rasit, babu alƙawarin cewa idan moton ya sake saki cikin wani lokaci za a sake bugawa kyauta. Babu mitar auna maganaɗisu kai tsaye, babu kuma gwajin ƙarfin murɗawa a kan gudu, wanda shi ne abin da mai inji ya fi damuwa da shi, saboda haka hukuncin ƙarshe sai an koma gida an ɗaura. Bencin da ake cajin shi ne dai wanda ake goge ƙarfe a gefensa, ga ƙurar ƙarfe ko'ina, alhali moton da ya fito daga na'ura yana jan duk abin da ke kusa zuwa bakin boris ɗinsa. Na roƙi a share kafin a fara, aka share ba tare da ɓacin rai ba, amma bai kamata sai mai kaya ya roƙa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne murfin akwatin kafasiton a ɗage yake, an jingine shi da bango, yara masu koyon aiki suna wucewa ta gefensa. Irin waɗannan kafasito suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an cire filogi. Na yi wa Injiniya maganar, ya ce, "Gaskiyarka Alhaji, zafi ne ya sa muke buɗewa, za mu sa masa raga." Ina fatan an sa.

Ga wanda ke tunanin kai nasa, abin da na lura shi ne amfanin tafiyar ya dogara da abin da aka riƙo a hannu. Wanda ya je da moto ɗaya tilo, babu lafiyayyen irinsa da za a gwada su, babu takardar da ke nuna ƙarfinsa na asali, ya rage wa awon rabin ƙimarsa, domin adadin da mita ta nuna ba ya nufin komai sai an sami abin da za a kwatanta shi da shi. Ya kyautu a tafi da fulin da filogin a jiki kamar yadda suke a inji, tun da sau da yawa laifin a can yake. Moton da ke da na'urar ƙidayar juyi a bayansa, irin waɗanda ke zuwa da sababbin injinan sassaƙa, sai an cire ta tukuna, domin wasunsu da ƙaramin maganaɗisu suke aiki, kuma bugu ɗaya ya isa ya rikita su. Kada kuma a yarda wani ya zare cikin moton da sunan zai caja shi a waje ya mayar, domin idan na Alnico ne, abin da aka zuba masa zai zube tun kafin ya koma gidansa, sai dai idan an zura shi kai tsaye daga cikin wani bututun ƙarfe da ya yi daidai da kaurinsa, wanda shagon nan ba shi da shi, kuma Injiniya ya ce ba ya karɓar aikin da zai buƙaci haka.